CIWON DASASHI DA ZAIZAYAR ƘASHI

 

Yau za mu yi magana bisa abu biyu waɗanda mutane su kan ɗauka ba abin da ya gama su. Na fari shi ne ciwon dasashi, wanda ke sa baki jini da wari, har haƙora su riƙa girgiɗa suna zubewa. Na biyu kuwa zaizayar ƙashi, wadda ke sa tsoho ko tsohuwa su ranƙwafa, su karye daga 'yar faɗuwa kaɗan. Likitoci sun bincika sun ga akwai dangantaka tsakaninsu. Maganar ta shafi kowa, amma ta fi shafar iyayenmu mata da suka ba shekara 45 baya. Saboda haka wanda ke da uwa ko kaka a gida ya kira ta, ta matso kusa ta ji da kunnenta.

YADDA HAƘORI YA KE ZAUNE

Babban mutum yana da haƙora 32 in sun cika, yaro kuwa 20. Farin nan da mu ke gani a baki ba shi ke nan haƙorin ba. Saiwarsa ta fi abin da ke waje tsawo, tana binne cikin ƙashin muƙamuƙi. Kowane haƙori da nasa ramin, da waɗansu siraran zaruruwa da suka ɗaure saiwar da bangon ramin. Dasashi kuwa shi ne naman da ya rufe ƙashin, ya kama wuyan haƙori kam, don kada ƙazanta ta shiga.

Ku dubi dirkar rumfa. Kome kyaun itacen, ƙasar da aka kafa shi ciki ita ke riƙe da shi. In ruwa ya zaizaye ƙasar, sai dirka ta karkace ta faɗi, alhali kuwa ko gara ba ta taɓa ta ba. Haka haƙori ya ke. Shi ya sa za ka ga haƙori ya fita lafiya lau, ba rami, ba baƙi. Ƙashin da ke riƙe da shi ne ya ƙare.

ƘASHI ABU NE MAI RAI

Akwai ƙasusuwa 206 a jikin babban mutum. Ƙashin da mu ke gani a juji busasshe ne, amma na jikin mai rai jini na gudana cikinsa, kuma kullum ana aiki a kansa. Akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi iri biyu, ido ba ya ganinsu. Waɗansu aikinsu su kankare tsohon ƙashi, waɗansu su gina sabo a wurin, kamar yadda mai gidan ƙasa ya kan kankare inda damina ta ɓata, ya sake yaɓe. Ta haka ne cikin shekara 10 ko wajen haka ƙasusuwan mutum su kan sabunta.

Abin da a ke ginin da shi sunansa kalsiyam, watau irin abin nan da ke cikin ɓawon ƙwai. A jikin babban mutum akwai kamar kilo 1 nasa, kuma kashi 99 cikin 100 yana cikin ƙasusuwa da haƙora. Ɗan ragowar yana cikin jini da nama, da shi zuciya ke bugawa, gaɓoɓi su motsa. In abinci bai kawo isasshe ba, jiki ba ya jira, sai ya shiga ɗiba daga ƙashi. Ƙashi ke nan rumbu ne.

Tun daga yarinta har wajen shekara 30 gini ya fi rushewa yawa, rumbu na cika. Daga nan abin ya kan tsaya daidai na ɗan lokaci, sa'an nan ya soma raguwa a hankali. Wanda ya cika rumbunsa tun da ƙuruciya, shi ne zai kai tsufa da saura.

ZAIZAYAR ƘASHI

In rushewa ta rinjayi gini ƙwarai, sai cikin ƙashi ya zama huji-huji kamar soso, ko da ya ke daga waje yana nan kamar da. Likitoci suna kiran wannan ostiyoforosis, mu kuwa za mu ce zaizayar ƙashi. Ba ta zafi, ba ta zazzaɓi. Sau da yawa ba a sanin tana nan sai ran da aka karye. Wuraren da su ka fi karyewa uku ne: wuyan hannu, da ƙugu, da ƙashin baya.

Me ya sa ta fi kama mata? A jikin mace akwai wani sinadari, istirojin, wanda ke tsare masu rushewa kada su wuce gona da iri. Sa'ad da mace ta daina al'ada, galibi tsakanin shekara 45 da 55, sai sinadarin nan ya ragu. Cikin shekara 5 zuwa 7 da ke biye, wata mace ta kan yi hasarar har kashi 20 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta. Wani likita a birnin Boston na Amurka, Fuller Albright, shi ne ya bayyana wannan a rubuce a shekarar 1941. A 1994 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da ma'aunin da a ke gane cutar da shi, ta wurin awon ƙashi da na'ura. An ƙiyasta a duniya mace 1 cikin 3, da namiji 1 cikin 5, daga waɗanda su ka wuce shekara 50, za su karye saboda ita. Maza ke nan kada su ce ba ruwansu.

CIWON DASASHI

Bayan 'yan sa'o'i da wanke baki, wata farar dauɗa mai yauƙi ta kan taru a gindin haƙora. In ka kankara da farce za ka gan ta. Ba guntun tuwo ba ne kawai, ƙwayoyin cuta ne jingim. In an bar ta, cikin 'yan kwanaki sai ta soma daskarewa, ta zama kamar dutse, wanda asuwaki ba ya iya fid da shi. Dasashi kuma sai ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini.

An gwada wannan an gani. A shekarar 1965, a ƙasar Denmak, wani likitan haƙori mai suna Harald Löe ya sa mutum 12 masu lafiyar baki, yawancinsu ɗalibai, su daina wanke baki ɗungum. Tsakanin kwana 10 da 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da su ka koma wankewa, cikin kamar mako guda ya warke. Ashe ciwon a farkonsa yana jin magani, kuma maganin yana hannun mai bakin.

In kuwa aka ƙyale shi shekara da shekaru, sai dasashi ya saki wuyan haƙori, wani aljihu ya buɗe tsakaninsu. A bakin mai lafiya zurfin wurin bai wuce milimita 3 ba, amma da ciwo ya kan kai 6 ko fiye. Can ciki ƙwayoyin cuta ke samun maɓoya. Jiki ya kan tashi yaƙi da su, to, cikin yaƙin nan ne a ke zuga masu rushe ƙashi, su shiga cin bangon ramin haƙori. Ƙashin da ya tafi ta wannan hanya da wuya ya dawo. Abin da likita ke iyawa shi ne ya tsai da ɓarnar, ya ceci abin da ya rage. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ce kusan babba 1 cikin 5 a duniya yana da ciwon dasashi mai tsanani, watau mutum fiye da biliyan 1.

INDA SU KA HAƊU

To, jama'a, ga inda maganar ta ke. Muƙamuƙi ƙashi ne kamar sauran ƙasusuwa. Abin da ya ci ƙugu da baya ba zai tsallake shi ba.

Amma ku lura da kyau. Zaizayar ƙashi ba ita ke kawo ciwon dasashi ba, ƙwayoyin cutar nan ne ke kawo shi. Abin da ta ke yi shi ne ta raunana ƙashin, sa'an nan in ciwon ya zo ya tarad da aiki ya yi sauƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mata biyu, shekarunsu ɗaya, dauɗar bakinsu ɗaya, wadda ƙashinta ya zaizaye ita ce ta fi kusa da rasa haƙora. An duba mata fiye da 1,000 da su ka daina al'ada a birnin Buffalo na Amurka, aka auna ƙasusuwansu, aka ɗauki hoton muƙamuƙansu. Aka tarar waɗanda ƙashin jikinsu ya yi rauni, ƙashin gindin haƙoransu ma ya fi raguwa.

Dalili na fari, masu rushewar iri ɗaya ne. Ƙarancin istirojin ya kwance su a jiki duka, kumburin dasashi kuma ya ƙara zuga su a baki. Muƙamuƙi ke nan ana cinsa ta fuska biyu.

Dalili na biyu, abokan gabansu ɗaya ne: tsufa, da taba, da ciwon sukari, da ƙarancin abinci mai gina ƙashi. Taba tana da wata makida. Ta kan tsuke hanyoyin jini na dasashi, sai jinin nan da ke yi wa mutum gargaɗi ya ragu, ciwo na ci a ɓoye.

Dalili na uku, in haƙori ya fita, ƙashin wurin ba ya da sauran aiki, sai ya shiga motsewa, musamman cikin watannin farko. Shi ya sa bakin wanda haƙoransa su ka zube ya kan shige ciki, haƙoran roba kuma su riƙa yin sako-sako. Wanda ba ya iya tauna kuwa sai ya bar nama da ganye da kifi, ya koma ga koko da kunu kaɗai. Jiki ya rasa abin gini, ƙashi ya ƙara lalacewa. Kun ga ciwon baki ya koma ciwon jiki duka.

ALAMUN DA ZA KU LURA DA SU

A baki, ku lura da jini sa'ad da a ke asuwaki ko a ke cin rake ko goro. Dasashi mai lafiya ba ya jini. Ku lura da warin baki da ba ya tafiya, da mugunya a gindin haƙori, da haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo don dasashi ya janye, da giɓi ya buɗe inda da babu, da haƙori na motsi.

A jiki, ku lura da raguwar tsawo. In zanen da ke tsaya wa tsohuwa a idon sawu ya koma jan ƙasa, ko an auna an ga ta ragu da santimita 4, abin dubawa ne. Haka kuma ranƙwafawar baya, da ciwon baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya bayan sunkuyawa ko ɗaukar tulu, da karaya daga faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, kamar tuntuɓe a tsakar gida.

Wanda ya zo ɗakin magani da ɗaya daga cikin biyun, ya faɗa wa malamin asibiti ɗayan. Macen da ta daina al'ada, haƙoranta kuma na girgiɗa, a tambayi lafiyar ƙashinta. Wadda ta karye daga 'yar faɗuwa, a duba bakinta. Wani lokaci ma likitan haƙori ne ke fara ganin ƙashi ya sirance a hoton muƙamuƙi, ya tura mutum babban asibiti a auna shi.

Tsohon da ya faɗi ya kasa tashi, yana kuka da ƙugu, kada a tsaya wurin maɗori. Karayar ƙugu ta asibiti ce, yawanci sai an yi aiki. Doguwar kwanciya ita ke kashe tsofaffi.

ABINCI DA RANA DA MOTSI

Babban mutum yana bukatar kalsiyam kamar miligiram 1,000 a yini, macen da ta wuce 50 kuwa kamar 1,200. Kofi ɗaya na madara yana da wajen 300. Gero da dawa da masara da shinkafa suna ba da ƙarfi, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. An ga haka a Jos. A 1999 aka buga sakamakon wani bincike bisa yaran da ƙafafunsu su ka lanƙwashe, aka tarar abin da su ke samu a yini bai wuce wajen miligiram 200 ba. Da aka ba su kalsiyam, ƙasusuwan yawancinsu su ka warke.

Abin da a ke bukata kuwa yana nan kusa da mu. Ga nono da kindirmo da cuku. Ga miyar kuka, wadda ganyenta ke cikin mafiya yawan kalsiyam. Ga zogale da alayyaho, ga riɗi, ga tamba inda a ke noma ta, ga wake. Ga ƙananan busassun kifi da a ke dakawa da ƙayarsu a zuba a miya. Fura da nono ta fi fura da ruwa. In nono ɗanye ne, a tafasa shi tukuna. Tsohuwar da ba ta iya tauna, a daka mata, a niƙa mata, kada a bar ta da koko kaɗai. Lemo da gwaiba da tumatir kuma suna taimakon dasashi.

Kalsiyam ba ya shiga jini sosai sai da bitamin D, fatar mutum kuwa ita ke yin sa in rana ta taɓa ta. Rana ba ta yi mana ƙaranci ba, amma akwai tsofaffi da marasa lafiya da matan da ke wuni cikin ɗaki. Su riƙa fitowa tsakar gida da hantsi, rana ta sami hannuwa da ƙafafu.

Ƙashi kuma yana son aiki. Tafiya a ƙasa, da shara, da 'yan aikace-aikacen gida suna ƙarfafa shi, zama wuri ɗaya yana raunana shi. Jikoki kada su ce sun hutar da kaka har su hana ta motsi. Sai dai a gyara mata hanya: a kau da turmi da igiya da itace daga inda ta ke bi, a zuba tsakuwa a makewayi don santsi, a ba ta fitila da dare, da sanda in tana bukata.

TSABTACE BAKI

A wanke baki sau 2 a yini, da safe da kuma kafin barci, na daren shi ya fi muhimmanci. Asuwaki abu ne mai kyau in an iya shi. A tauna bakinsa ya yi laushi, a bi haƙora ɗaya-ɗaya, waje da ciki, har turame na can ƙurya, musamman inda haƙori ya haɗu da dasashi. Mutane da yawa su kan goge na gaba kaɗai, su wuni da itace a baki, na baya kuwa ko oho. A yanke bakin asuwaki kullum a sabunta. Mai buroshi ya nemi mai laushi, da man goge baki mai fulorayid, ya yi minti 2. A riƙa fid da abin da ya maƙale tsakanin haƙora da tsinke mai tsabta, a hankali.

In dasashi na jini, kada a daina gogewa don tsoro. A ci gaba a hankali, jinin ya kan ragu cikin mako 1 ko 2. In bai ragu ba, a zo a duba. Kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri yana rage zafi, amma ba ya fid da dauɗar da ta daskare. Wannan sai ma'aikacin haƙori ya kankare ta da ƙarfensa. Kankarewar ba ta sa haƙori girgiɗa, kamar yadda waɗansu ke cewa. Dutsen ne ya ɓoye ɓarnar da ta riga ta auku.

Kada a dirje haƙora da gawayi ko toka ko yashi. Kada a cusa garin taba ko kanwa ko ƙwayar asfirin a gindin haƙori, balle ruwan batir. Duk suna ƙone nama.

GARGAƊI BISA MAGUNGUNA

Akwai magunguna irin su firednisolon da deksametason. Suna da amfani in likita ya rubuta, amma shan su wata da watanni yana cin ƙashi. Waɗansu su kan saye su a kasuwa don ƙiba ko don ciwon gaɓoɓi. Wannan ganganci ne. Wanda ya daɗe yana sha kuwa kada ya yanke farat ɗaya, ya zo a rage masa a hankali.

Akwai kuma maganin zaizayar ƙashi, kamar alendironet, wanda ke rage karaya ƙwarai. A kan sha shi da safe kafin a ci kome, da kofi cike da ruwa, a zauna a miƙe minti 30 ba kwanciya. Tun 2003 likitoci su ka lura, a waɗansu 'yan kaɗan masu amfani da irin wannan magani, ramin haƙorin da aka cire ya kan ƙi warkewa. Abin ya fi aukuwa ga masu karɓar allurarsa mai ƙarfi saboda ciwon daji. Don haka a gyara baki kafin a fara, kuma mai sha ya faɗa wa likitan haƙori kafin a cire masa haƙori. Kada kuwa ya bar maganinsa da kansa.

MAI CIKI DA MAI GOYO

A kan ce kowace haihuwa da haƙorin da ta ke tafiya da shi, wai jariri ne ke tsotse haƙoran uwa. Ba haka ba ne. Jariri ba ya ɗibar kome daga haƙori. Abin da ke faruwa, ciki ya kan sa dasashi saurin kumburi, in kuma akwai dauɗa sai ciwo ya samu. Mai ciki ta ƙara himmar wanke baki, kuma ba laifi a duba mata haƙora. Shayarwa ta kan ɗan rage ƙashin uwa, amma ya kan dawo bayan yaye. Saboda haka kada a fasa shayarwa, a dai ciyad da uwa da kyau, a bar ta ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa. Wannan nauyi yana wuyan maigida.

ABIN DA ZA KU RIƘE

1. Jinin dasashi ciwo ne, a nemi magani tun haƙori bai soma motsi ba.
2. A wanke baki safe da dare, har gindin haƙora.
3. Kullum a sami nono, ko kuka, ko zogale, ko ƙananan kifi a abinci, musamman ga 'yan mata da masu goyo da tsofaffi.
4. A sha hantsi, a motsa jiki.
5. A bar taba, ta sha da ta baki. Mai ciwon sukari ya kula da awonsa.
6. Macen da ta daina al'ada, in haƙoranta na girgiɗa, ko tsawonta ya ragu, ko ta karye, ta zo a duba baki da ƙashi gaba ɗaya.
7. Kada a sha maganin ƙiba ko na gaɓoɓi sai da izinin likita.

Jama'a, zubewar haƙora da ranƙwafawa ba tilas ba ne ga kowane tsoho. Akwai masu shekara 80 da ke tauna nama da haƙoransu. Wanda ya ji wannan ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani mako in Allah ya kai mu.